Tsere da Turmin Kulu

Ranar da aka yi addu'ar innarku ina zaune a zaure, baƙi sun fara raguwa, sai na ji wata daga cikin matan dangi tana gaya wa ƴar'uwarta ta bayan danga cewa Allah ya jiƙan Kulu, mace ce ta kirki, sai dai ita ta hana mijinta zama wani abu a ƙasar nan. Ban ga fuskar mai maganar ba, ban kuma leƙa ba, don da na gane ta da zumunci ya ɓaci tun a ranar. Akwai biyu daga cikinku a tsakar gidan, na san kun ji, ba wanda ya ce uffan. Ban ga laifinku ba, da wannan zance kuka tashi. Amma ni na gaji da jin sa, kuma wadda ake yi da ita ba ta nan balle ta kare kanta, ko da yake ko tana nan ba za ta tanka ba, kun san halinta. Saboda haka ku natsu ku ji yadda aka yi na bar gudu, daga bakin wanda ya yi gudun.

Ni dai ba a lakwal, wato makarantar boko, na koyi gudu ba. A Matankari na koye shi, a bayan zabin daji. In an gama girbi samari kan fita farauta, wasu da karnuka, wasu da sanduna, ni kuwa ƙafata ce makamina. Zabon daji in ka tashe shi ya yi firr ya sauka, ka sake tashe shi, to daga nan fukafukansa sun gaji, sai gudu a ƙasa, kuma a nan nake cim masa. Ba gudun nesa ba ne, ba kuma na nan da can ba, gudu ne na wanda wuta za ta kama masa ƙirji ya ƙi tsayawa. A wajen irin wannan farauta wani malamin lakwal na Dogon Dutsi ya gan ni, mutumin Dahome, Mushe Pol muke ce masa, Mushe kuwa kamar Malam ne a Faransanci. Gajere ne mai tumbi, ko kaza ba zai iya kamawa ba, amma wallahi ya san gudu. Ya bi ni har gida, ya yi ta sintiri wurin Baba har Baba ya gaji ya sake ni. Ya samo mini aikin shara da buga ƙararrawa a lakwal ɗinsu, da yamma kuma ya sa ni zagaya fili har in ga duhu-duhu. Lokacin ƙasa ba ta daɗe da samun ƴancin kai ba, tuta sabuwa ce, ana neman samarin da za su fita da ita waje.

Gudun da aka sa ni shi ne na zagaye biyu, da kuma na mita dubu da ɗari biyar. Ba yabon kai ba, na iya shi. Daga Dutsi zuwa Doso har Yamai, na yi shekaru ban ga ƙeyar kowa a ƙarshen tsere ba. Dabarata guda ce: in lafe bayan na gaba ina sauraron numfashinsa, in mun shiga kwanar ƙarshe sai in ji wani abu ya buɗe mini a ƙugu, in fice. Mushe Pol yana da wani agogo mai igiya da yake ratayawa a wuya, kurono yake ce masa. Ni ban taɓa sanin abin da agogon nan ke faɗi ba. Ban iya lissafinsa ba, ban kuma damu in iya ba, fuskar Mushe nake dubawa. In ya kalli agogon ya yi fito, to na yi abin kirki. In ya kalla ya sosa ƙeya, na san gobe zan sha wuya.

A cikin shekarun nan na farko na auri innarku. Ku da kuka san ta da damtse kamar na namiji ba za ku yarda ba, amma Kulu da aka kawo mini siririya ce, goyon kaka, wadda ta yi ta ciwo tana ƙarama har kakar ta hana a sa ta aikin ƙarfi. Muna zaune a wani ɗan gida a bakin gari, ta wajen dutsi. Da sassafe takan auna gero tiya guda ta zuba a turmi ta yayyafa ruwa za ta yi surfe, ni kuma a daidai lokacin nake fita motsa ƙafa. Wata safiya na tsokane ta, na ce mu yi tsere, ni da turminta. Zan bi gindin dutsi in taɓa wani tsohon gawo da ke bayansa in dawo, ita kuma ta gama surfen kafin in shigo. Ta yi dariya ta ce ta yarda. Na je na dawo na tarar ko rabi ba ta yi ba, tana haki ta fi ni. Haka muka mayar da shi wasanmu na kowace safiya, kuma kullum ni ke ci. Tun daga kwanar ƙarshe nake jiyo turminta, na san sautinsa a cikin na maƙwabta, wani irin tim, tim mai sanyi kamar mai jin barci. Wani lokaci in na shigo sai in duba ko akwai mai leƙe ta danga, in karɓi taɓaryar in ƙarasa mata. Wannan kuma kada in ji shi a bakin kowa.

Wasa ne na ango da amarya, sai ya mutu da kansa. Aka haifi yayanku, aka yi masa ƙane, Mushe ya mayar da gudun safe ma zuwa fili a gaban agogonsa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har muka manta mun taɓa yin sa.

Sai shekarar da nake son ba ku labari. Rigima ta shiga tsakanin gwamnatinmu da ta su Mushe, aka ce ma'aikata mutanen Dahome su koma ƙasarsu. Abin ya zo da gaggawa. Ina can Matankari na kai wa Inna mahaifiyata saƙo aka gaya mini, kafin in iso Dutsi an riga an loda su a babbar mota da ƴan komatsansu, har ta fara tafiya. Na bi ta da gudu. Mushe yana zaune bisa ƙullin katifa, ya hango ni, sai na ga ya laluba wuyansa ya fito da agogon nan ya danna, don ya riga ya zame masa jiki. Na bi motar har bayan gari, ina ganinsa yana duba agogo yana duba ni. Bakinsa ya motsa. Ko fito ya yi, ko magana, ko kuka, ƙarar mota ba ta bar ni na ji ba. Ban sake ganinsa ba, ban kuma sake jin labarinsa ba.

Bayan tafiyarsa na ci gaba da zagaya fili ni kaɗai, ba mai cewa ƙara, ba mai cewa ya isa. Da lokacin tseren Doso ya yi muka tafi a bayan motar gyaɗa, a tsaye, muka isa jiki duk ya yi tsami. Washegari aka jera mu. A cikinmu akwai wani yaro soja, dogo, wanda ko gemu bai fara ba. Na yi yadda na saba, na lafe a bayansa ina jin numfashinsa. Muka shiga kwanar ƙarshe, na jira abin nan ya buɗe mini a ƙugu. Bai buɗe ba. Na kira shi, na sake kira, shiru. Ina ji ina gani yaron nan ya yi mini nisa, na shigo a bayansa ina kallon ƙeyarsa. Da ya huta ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce tun yana ƙarami yake jin sunana. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin in dawo Dutsi labari ya riga ni. Kun san mutanenmu. Mahauta a kasuwa suka ce Tankari, don haka suke kirana, ya ci zamaninsa. Teloli suka ce aure da ƴaƴa ne suka sha masa ƙafa. Wasu suka ce a'a, tuntuɓe ne, kowa na yi. Mutanen da ko jaki ba su taɓa kora ba duk suka zama masana gudu, in na wuce a yi shiru, in na ba da baya a ɗora. Ana cikin haka wani gardi, irin dogaran nan na gwamnati, ya zo har gida ya ce manya a Yamai sun aiko: ana tara masu gudu za a yi musu horo dukan damina, a zaɓi waɗanda za su fita waje, kuma duk da abin da ya faru a Doso ana so in zo. Ya ce in ba shi amsa kafin ruwan shuka.

A nan gizo ya yi saƙarsa, don a shekarar ƙanena ya tafi ci-rani Kurmi bai dawo ba, idon Baba kuma ya fara hazo. In na tafi, gona ta rage daga tsoho sai tsohuwa. Na ɗauki Kulu da yara muka tafi Matankari a yi shawara. Inna ba ta jira an gama gaisuwa ba ta yanke nata hukuncin. Ta ce doguwa, aljanar da ke gindin dutsi, ce ta riƙe mini ƙafa, don na cika ratsa mata gida ba sallama, kuma baƙar akuya za ta warware komai. Baba ya bar ta ta gama. Shi tsohon ɗan kokawa ne, a zamaninsa an buga masa ganga daga nan har Geceme. Ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

"Ni na yi kokawa, ka sani," ya ce. "Kaka guda na ƙara bisa wadda ya kamata in kwance layuna. Yaron da na ɗauka bisa kahwaɗata shi ya kada ni, gaban garinmu, gaban uwarka. Yau in an tuna ni wannan kayen aka tunawa, ba waɗanda na kayar ba."

"Baba, sau ɗaya ne aka wuce ni."

"Nima sau ɗaya ne. Ban hana ka tahiya ba. In da saura ga ƙahwarka, tahi, gona ni da Allah. In babu saura, kada ka bar mini gona ka tai ka ɗauko kunya. Abin da nika tambaya guda ne: akwai ko babu?"

Ni kaina ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Kada ku ce ai da na nemi agogo. Akwai agogo a hannun manyan ma'aikata a Dutsi, kuma da na roƙa da wani ya tsaya mini. Amma in ya ce ka yi kaza, in gwada shi da me? Lissafin gudun da na yi ina kan ganiyata yana cikin kan Mushe Pol, Mushe Pol kuma yana Dahome. Ina zaune ina wannan tunani sai na ji ana daka a maƙwabta, sai wasan nan namu ya faɗo mini. Na gaya wa Baba. Na ce ga gawo yana nan, ga hanya tana nan, ga turmi, ga tiya, kuma a wancan lokaci ina dawowa da sauran aiki mai yawa a turmin. In har yanzu ina riga ta, akwai saura. Baba ya gyaɗa kai, ya ce wannan awo ne na gaskiya, turmi bai san ɗan kowa ba. Da yake ba ya magana da surukarsa kai tsaye, sai ya sa Inna ta kira ta. Kulu ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Ɗiyata," in ji Inna, "babanku ya ce amana ce anka ba ki. Ki yi dakanki yadda kika yi kullum. Kada ki sassauta hannu don ki hwaranta mishi, in kin yi haka kin cuce shi. Abin da kin gani shi za ki hwaɗi."

"To, Inna," ta ce. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Muka koma Dutsi. Safiyar farko na tashi da ƙarfina, har ina yi mata ba'a, na ce ta shirya ba ni taɓarya in na dawo. Ta auna gero a gabana da tiyar nan dai ta da, ta shafe bakinta da hannu, ta zuba, ta yayyafa ruwa. Ta ɗaga taɓarya, na fita. Na ji daɗin jikina ranar, na taɓa gawo na juyo ba tare da na ji nauyi ba. Da na iso kwanar ƙarshe na kasa kunne. Ga turmin gidan liman, ga na matar mai gyaran keke, nata babu. Na ce ko iska ce ta juya. Na shigo gida na same ta zaune da faifai tana bakace, dusa har ta taru a gefe. Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai.

Na ce yau ban yi barci sosai ba ne, gobe ma rana ce. Gobe ta zo, haka. Jibi, haka. Bazara ce, zafi tun da asuba, amma na ƙi ba kaina wannan uzuri, don a da ma na yi gudun a bazara. Na duba komai. Na ɗauki tiyar na jujjuya ko ta lotse. Na leƙa turmin. Na bi hanyar a tafe ina duba ko yashi ya ƙaru. Na daina shan hura da yawa, na koma ina sha da yawa. Har akuyar Inna na bari aka yanka, ni da nake yi mata dariya. Kowace safiya in fita kamar zan tsaga ƙasa, in dawo bakina da ɗanɗanon jini, in tarar da ita da faifai. Sau ɗaya tak na jiyo bugun ƙarshe ina shigowa lungunmu, kafin in kai ƙofa ya tsaya. Ranar na same ta tsaye riƙe da taɓarya, zufa ta jiƙa mata zane, hawaye na zuba.

"Saura kaɗan yau," ta ce. "Wallahi saura kaɗan."

"A da rabi nake tarar da shi, Kulu."

Ta jingine taɓaryar. Mu biyu muka tsaya muna kallon gero kamar shi zai yi mana bayani.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Inna ta zo da kanta ta tambayi Kulu a ɗaka, ina jin su daga waje. Kulu ta faɗi abin da ta gani, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Da gardin nan ya dawo neman amsa na fita na same shi a ƙofar gida, na ce ya gaya wa manya na gode, Tankari ya ajiye gudu. Ya ce in sake tunani. Na ce na auna, na gani. Na ajiye aikin lakwal, muka kwashe kayanmu muka koma Matankari, ruwan shuka ya same ni a gonar Baba. Ba wanda ya tilasta ni. Da ƙafata na je, da bakina na faɗa, kuma a ranar ina ganin na yi abin da namiji mai hankali zai yi.

Abin da ya biyo baya shi ne bai yi kyau ba. Yaron nan soja aka zaɓa, ya fita waje, muka ji sunansa a rediyon mai shago. Ban yi masa baƙin ciki ba, Allah ya sani, amma ranar ban iya cin tuwo ba. Sai kuma na tsani ƙarar turmi. In Kulu ta fara auna gero sai in saɓi kalmen noma in bar gidan, ko da babu abin yi a gona. Na rage yi mata magana. Ba fushi nake da ita ba, ganinta da taɓarya ne ke tuna mini, amma wa zai gane haka daga waje? Mutane suka ga miji ya bar gudu bayan an tambayi matarsa a ɗaka, suka ga ya daina sakin fuska da ita, sai suka haɗa nasu labarin. Wai ta je ta yi kuka gaban surukai don kada ya tafi Yamai ya ga matan birni. Daga nan maganar da kuka tashi da ita ta samo asali. Ta ji, ta haɗiye, ba ta taɓa kawo mini ƙara ba.

Shekaru suka tafi. Baba ya rasu, na zama maigida, na yi tumbin da nake yi wa Mushe dariya, wata kaka kuma kututture ya tsaga mini diddige ya bar ni da ɗan ɗingishin da kuka sani. Na haƙura, har na fara ba da labarin gudu ina dariya. Sai bikin ƙanwata ya zo. Cikin baƙi akwai gwaggon Kulu daga Geceme, wadda ta rako ta ɗakina tana amarya ta yi mana kwanaki, kuma tun daga lokacin ba ta sake zama da mu ba, don ta bi mijinta can wajen Kurmi ta daɗe. Tsohuwa ce mai baki, ba ta iya magana a hankali ba. Da hantsi mata suka jeru ana lugude, taɓare na tashi suna sauka, ana tafi a tsakani, Kulu ce a gaba tana ja musu. Ni ina bayan danga ina ɗaure ragon biki. Sai na ji gwaggon nan ta kwashe da dariya.

"Wai Kulu ce wagga? Ku ƙyale ni in gani da idona. Wagga da munka kai ɗaki ba ta iya ɗaga taɓarya sai ta yi nishi? Tiya guda sai rana ta take ba ta gama surhe ba, har ina cewa yaron ga yunwa za ta kashe shi. Ji yadda taka aza ta yanzu. Ai kafin waccan Kulun ta gama tiya guda, wagga ta gama ukku ta yi wanka."

Mata suka yi ta dariya. Ni kuwa igiyar ragon ta suɓuce daga hannuna. A cikin luguden na ji taɓarya guda ta ɓata kiɗin, ta sake bugawa a karkace, ta tsaya. Ban ga Kulu ba, danga na tsakaninmu, amma na san tata ce, na kuma san abin da ya shige ta, don shi ya shige ni. Mun auna tiya. Mun duba turmi. Na bi hanya taki-taki. Ni da Baba da Inna da ita kanta, mutum huɗu masu hankali, ba wanda ya tuna cewa hannun da ya yi shekaru yana ciyar da gida ba shi ne hannun amarya goyon kaka ba. Kullum muna tare da ita, shi ya sa ba mu ga ta sauya ba.

Kada ku yi saurin cewa ashe ban rage ba. Nima na so in faɗi haka, na kwana biyu ina faɗa wa kaina. Amma a Doso ba turmi ne ya wuce ni ba, mutum ne, kuma abin nan da na kira a ƙuguna bai amsa ba. Wataƙila motar gyaɗa ce. Wataƙila rashin Mushe ne, da na samu mai horo da ya dawo. Wataƙila kuma ya tafi ke nan, da na je Yamai da kayen Baba zan ɗauko. Abin da na sani kawai shi ne awon da na yanke hukunci da shi bai auna komai ba. Kashegarin biki na zagaya bayan gari inda ba kowa, na tattare riga na gwada gudu. Ban yi nisa ba ƙirjina ya kama, diddigen ya ce bai san zancen ba. Na zauna gindin wata sabara na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Baba. Ba rashin zuwa waje ne ya sa ni kuka ba. Da an wuce ni a Yamai da na san an wuce ni, in dawo in yi noma da zuciya ɗaya. Wannan kuwa ba ni da wanda zan tambaya.

Ni da ita ba mu tayar da maganar ba. Na ga dai tun daga bikin nan ba ta sake shiga lugude ba, ko na wa ake yi. Da ƴan matan cikinku suka tasa ta sakar musu turmi, da injin niƙa ya zo gari kuma ita ta fara aika hatsi, har ana cewa matar Tankari ta zama malalaciya. Ni kuma na dawo ina zama a gida da safe, ina yi mata hira, ina neman in biya shekarun da na yi ina ficewa da kalme. Ta karɓa, ba ta taɓa ce mini sai yanzu ba.

Sai a ciwonta na ƙarshe. Wata rana bayan azahar kun fita duka, daga ni sai ita a ɗaki, ina yi mata fifita. Na ɗauka barci take. Sai ta yi magana ba ta buɗe ido ba.

"Maigida, in tambaye ka?"

"Ina ji."

"Shekarar nan. Kai ka rage, ko ni ce?"

Na daɗe da shirya amsar, don na san wata rana za ta tambaya. Na ce, "Ni na rage, Kulu. Tun a Doso ƙafafuna suka gaya mini. Ko ba turmi da na ajiye."

Ta buɗe ido ta dube ni, irin kallon da take yi muku in kun ce ba ku kuka sha nonon ba.

"Ba ka iya ƙarya ba, tun kana saurayi," ta ce. Ta huta, sannan ta ci gaba. "Akwai abin da Gwaggo ba ta sani ba. Ba ƙarhi kaɗai ba ne. In ka hita sai gabana ya yi ta hwaɗuwa, ina roƙon Allah ka shigo, ka shigo. Ni kuwa in hankalina ya tashi hannuna sauri shika yi. Ina roƙo, ina bugawa. Ban lura ba sai bayan shekaru."

Na ce mata amana aka ba ta, ta kuma riƙe, ba ta da laifi wurin Allah balle wurina. Ta girgiza kai a hankali bisa matashi.

"Na sani. Amma da ko sau ɗaya na tsaya na gyara ɗaurin zanena."

Na ajiye maficin na kama hannun nan nata, tafin duk kanta, ya yi tauri kamar ƙahon sa. Har aka kira la'asar ina riƙe da shi.